Tsarabar da Inna Ba Ta Raba Ba

Tokyo, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga Yayata Shizuyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai gama da ku ba. Na ga a talabijin wai dusar ƙanƙara ta kai bakin taga a Hirosaki. In birni ke nan, ina ga ƙauyenmu da ke gindin Dutsen Iwaki? Yaya gwiwar taki? Yaya Inna da ciwon sukarinta? Mijinki ya aiko daga ci-rani kuwa?

Ga tsaraba nan tare da wasiƙar. Kek ne na tsibirin Miyajima, mai siffar ganye, da markaɗaɗɗen wake a ciki. Na san likita ya hana Inna zaƙi, amma a ajiye wa Baba gaban hotonsa, sauran a yi yadda aka saba.

Tsofaffi na kai wannan karon, mota cike, duk 'yan ƙungiyar manoma. Yaya, ba ki ga wahala ba sai kin ja tsofaffi yawon buɗe ido. Ina gaba da tutata, na juya in nuna musu jar ƙofar da ke tsaye cikin teku, sai na ga rabinsu sun yi layi a bakin banɗaki, sauran rabin suna cinikin ludayin katako. Wata barewa kuma ta lallaɓo ta baya ta cinye min rabin takardar tsarin tafiya. Direbanmu Iwabuchi ya ce, “Bar ta, Tokiko, ita kaɗai ce ta karanta abin nan da gaske.”

A jirgin ruwan dawowa wani dattijo ya zauna kusa da ni, ya ce, “'Yar nan, bakinki ba ya gajiya? Iyayenki na da rai?” Na ce Inna na nan. Ya ce, “To ita ta more. Lallai kin zaga da ita ƙasar nan kaf.” Na yi masa dariyar aiki, na ɗaga tuta na ce kowa ya dubi hagu. Babu abin kallo a hagu, ruwa ne kawai. Maganar ta tsaya min a rai har muka dawo.

Ki ba Inna haƙuri kan hutun sabuwar shekara. Na so zuwa, amma lokacin ne kowa ke son a kai shi gaishe da wuraren ibada, kuma wadda ba ta da miji da yara ita ake fara rubutawa. Da bazara in sami sarari, za ku gan ni kwatsam.

Ki gaishe min da Gwaggo Matsue maƙwabciyarmu, in har yanzu bakin nata bai daskare ba.

Ƙanwarki,
Tokiko

*

Nakasato, farkon Maris

Tokiko,

Bayan gaisuwa, muna lafiya gwargwado. Kwalin ya iso. Bakin Gwaggo Matsue bai daskare ba, za ki ji.

Kin ce a yi yadda aka saba. Ban sani ba ko kin san yadda aka saba ɗin, tunda shekara uku ke nan rabonki da gida, tun addu'ar cikar shekarar Baba. Bari in gaya miki. Inna ba ta yarda kowa ya taɓa kwalinki. Da 'yar wuƙa take ɗaga takardar naɗin don kada ta yage, ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu ta karanto sunan garin, sannan ta kai gaban hoton Baba, ta kunna turare, ta buga ƙararrawa, ta ce, “Malam, yau 'yarka ta kai mu Miyajima.” Ya kwana a nan. Washegari ta jera bibbiyu a kan ƙananan faranti, ta ɗaure a ƙyalle, ta sa takalmin roba, ta shiga gida gida. Ko lasa ba ta yi. Na ce ta bari in kai, ta ce ni ba ni na haife ki ba.

Farantin kuma ba ya dawowa haka nan, kin sani. Wannan ta zuba tsimin kabeji, waccan busasshen kifi. Duk kwalin da kika aiko, sati muke yi muna cin abincin maƙwabta.

Na raka ta gidan Gwaggo Matsue saboda santsi. Tana ganin faranti ta kira Inna da sunanta ta ce, “Kine, yau kuma ina muka je?” Inna ta ce Miyajima. Ta gatsa ta ce, “Ni dai na zaga Japan da haƙora, ƙafata ba ta wuce Aomori ba. 'Yar taki kam ta san hanyar ko'ina, sai ta gida.” Inna ta ce, “Naki ɗan da ke zaune a gida, me ya taɓa kawo miki in ban da wanki?” Suka yi ta dariya har da tari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Gwiwar nan ta ƙi. Ba na iya hawa tsani, kuma mai gonar tuffa da ba ta hawa tsani ba ta da amfani. Likita a Hirosaki ya ce sai an yi aiki, ya ba ni tsakiyar Mayu, zan yi kusan wata ban tsaya da ƙafata ba. Mijina Kiyoharu zai dawo daga ci-rani a Afrilu, amma gona za ta cinye shi, daga rage fure zuwa sa wa 'ya'yan tuffa jakar takarda. Kuma ko yana da lokaci, suruki ba ya yi wa surukarsa wanka. Inna na bukatar mai yi mata allura da safe, don idonta ba ya ganin zanen sirinji, da mai auna mata shinkafa.

Ban taɓa roƙonki komai ba. Da kika tafi Tokyo na zauna, ban ce don me ba. Wata ɗaya nake nema. Zumunta a ƙafa take, Tokiko, ba a kwali ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Shizuyo

*

Tokyo, ƙarshen Maris

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ku, ina gaishe da Inna. Nan furen sakura ya fara tsagewa, mutane har sun fara shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa suna kama wuri.

Na karanta wasiƙarki sau ba adadi, na ajiye, na sake ɗauka. Na yi kuka a kan maganar Gwaggo Matsue, ba zan ɓoye miki ba. Kuma sannu da gwiwa, Yaya, sannu ƙwarai.

Ban san yadda zan faɗa ba, gara in faɗa kai tsaye. Kamfani ya ba ni hanyar kudu duk bazarar nan. Kyushu zan yi ta kai mutane daga tsakiyar Afrilu har Yuni, in sauke wasu in ɗebi wasu. Na je wurin manaja, ya ɗago kai ya ce, “Hutu a Mayu? Ke, mai gidan wanka ta taɓa rufe ƙofa ranar da aka fi sanyi?” Kin san kuma shekaruna. 'Yan mata sabbi fil sun cika ofis, muryarsu kamar sarewa, jira kawai suke wata ta matsa. In na bar kujerata wata guda a kakar aiki, ba lallai in dawo in same ta ba.

Ba za a iya ɗaga aikin zuwa kaka ba? A lokacin na yi alkawari zan zo, ko da me za a yi.

Kudu dai akwai nisa, shi ne abin. Da arewa aka ba ni, da ko leƙowa sai in yi. Beppu za mu fi zama, garin da ƙasa ke tururi kamar tukunya, har a ruwan tafki ake dafa ƙwai a sayar wa baƙi. Zan samo wa Inna wani abu mai kyau da ba a taɓa gani a Nakasato ba, ta rufe bakin Gwaggo Matsue da shi.

Kada ki yi fushi da ni. Ko ki yi, na cancanta.

Taki,
Tokiko

*

Nakasato, Afrilu

Tokiko,

Gaisuwa. Saƙonki ya iso.

Kaka lokacin tsinkar tuffa ne. A gidan nan aka haife ki, bai kamata in tuna miki ba.

Ba a ɗaga komai ba. Matar ɗan Gwaggo Matsue ta yarda za ta riƙa yi wa Inna allura da wanka, na koya mata yin allurar a jikin lemo. Na ji nauyin roƙonta, amma na roƙa. Da na karanta wa Inna wasiƙarki cewa ta yi, “Aiki ne, a bar yarinya ta yi aikinta.” Ta riga ta gaya wa duk ƙauye kina Kyushu, har ta sa Kiyoharu ya nuna mata wurin a taswira.

Ƙanƙara ta narke, ta karya mana rassa da yawa. Ki kula da kanki a kudu.

Shizuyo

*

Tokyo, farkon Mayu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, na shigo Tokyo kwana ɗaya in canza kaya. Ga tsarabar Beppu, biskit ne da lemon can. Zafi ya fara a kudu, har mun ajiye rigunan sanyi. Zan riƙa tuna ki ranar aikin. Ki gaishe da Inna, ki ce ta yi wa Baba bayani da kyau.

Tokiko

*

Asibiti, Hirosaki, ƙarshen Mayu

Tokiko,

Gaisuwar ta al'ada ce, na yi ta. A kan kujerar 'yan jinya nake rubuto miki, kuma ba ni ce a gadon ba. Inna ce. Ta farfaɗo, tana magana, tana shan romo. Na fara da wannan ne don ki iya karanta sauran.

Ranar da kwalinki ya iso ina gona muna rage fure, ita kaɗai ce a gida. Da yamma na ce, “Inna, an ce mai wasiƙa ya zo, ina tsarabar Kyushu?” Ta ce, “Na raba.” Na ce tun yau, bai kwana gaban Baba ba? Ta ce Baba ya ce ya ƙoshi. Na yi dariya na wuce, don a gajiye nake. Kwanaki suka yi ta wucewa babu faranti ko ɗaya da ya shigo da tsimi ko kifi. Na lura, na ce ƙila mutane aikin gona ya sha musu kai. Wannan nawa laifin ne, kuma ina ɗauke da shi.

Sai ta fara shan ruwa kamar mai tsallaka sahara, tana gyangyaɗi da rana tsaka. Saura kwana biyu a kwantar da ni, na shigo da hantsi ɗaukar almakashi na same ta a ƙasa a kicin, ba ta san inda take ba. Kiyoharu ya sa ta a motar ɗaukar tuffa muka taho.

Likita, yaro ne da bai kai ki ba, ya tsare ni a gaban mutane ya ce, “Me kuke ba tsohuwar nan? Zuma kuke ɗura mata?” Na rantse masa da cokali nake auna shinkafarta. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa mai ƙarya. Shekara nawa ina hana ta ko ɓarin tuffa mai zaƙi, ga shi yau ni ce mai neman kashe uwata.

Washegari Gwaggo Matsue ta zo dubiya. Tana fita ta ja ni gefe ta ce, “Shizuyo, lafiya 'yar Kyushu ta manta da mu wannan karon? Haƙorana sun yi kewar tafiya.” Na koma gida na buɗe aljihun da ke ƙarƙashin hoton Baba, inda muke ajiye turare.

Kwalin na ciki. Ba biskit ba ne, ba lemo. Alawar tuffa ce mai sukari a jiki, ta shagon nan da ke bakin tsohuwar fada a Hirosaki, a naɗe cikin takardar nan mai furanni da ba sa fitarwa sai makon bikin sakura. Saura uku. 'Yan takardun sauran ta ninke su tsaf ta jera a gefe.

Kin aiko wa masu gonar tuffa alawar tuffa daga Kyushu. Daga bakin fadar zuwa ƙofar gidanmu, in mutum ya hau tasi shayinsa ba zai huce ba.

Na dawo asibiti na ajiye mata kwalin a kan bargo. Ta dube shi ta ce, “Ko makaho ya san takardar shagon nan, a can aka sayi alawar bikina.” Na ce to don me za ki ci, Inna, kin san guba ce a gare ki? Ta ce, “In kai wa Matsue in ce mata me? In ce 'yata ta zo har bakin fada ta juya? In zubar, abin da na riga na ajiye wa babanku? Ke kuma in kin gani sai kin rubuta mata abin da ba ya gogewa.” Ɗaya da safe, ɗaya da rana in mun fita, haka ta riƙa yi don kwalin ya ƙare ba wanda ya sani.

Ga shi na rubuta ɗin. Ta san ni.

An ba wani gadona na asibiti. Likitan ƙashi ya ce sai dai in sake bin layi, ƙila hunturu. Da sanda nake zuwa gona. Idon Inna na hagu kuwa, wanda dama shi ne mai dama-dama, ya ƙara dushewa, sun ce ba lallai ya dawo ba.

Ba tambayarki nake don me ba ki zo ba, wannan na daɗe da daina tambaya. Ina tambayarki don me kika zauna kika ba ni labarin ƙwai a tafki.

Shizuyo

*

Tokyo, farkon Yuni

Yaya Shizuyo,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Ina gaishe da Inna.

Ban je Kyushu ba bana, ko sau ɗaya. Hanyar arewa aka ba ni, Sendai, Matsushima, Hirosaki, Tafkin Towada, kuma na sani tun kafin in amsa miki a Maris. Na je wurin manaja da gaske, ya yi maganar gidan wanka da gaske, amma ban nace ba. Da ya ce a'a, sanyi na ji a raina, kuma wannan sanyin shi ya fi komai ba ni kunya. Labarin Beppu a kaina yake. Kowane gari a ƙasar nan zan iya tsara miki shi ido rufe, aikina ke nan.

Tsoro nake ji, Yaya. Zuwana na ƙarshe na shiga wanka da Inna, na ga bayanta. Matar da ke saɓa akwatin tuffa biyu ta hau gangare, na ga ƙashin bayanta ɗaya bayan ɗaya. Na dawo Tokyo na yi ta aiko kwali. Kuma ina tsoron wata ɗaya ya zama shekara, shekara ta zama irin rayuwar da na bar miki. Na san yadda wannan maganar za ta sauka a kunnenki, ke da kike cikinta.

Sau uku muka shiga Hirosaki a makon biki. Duk sanda mota ta sha kwanar nan, dutsenmu ya fito da sauran farar ƙanƙara a kansa, sai in ɗauki makirfo in ce, “Jama'a, a dubi hagu, wannan shi ne Iwaki. Mutanen nan sukan ce in sun hango shi sun iso gida.” Su yi ta ɗaukar hoto suna cewa kai, 'yar nan ta iya bayani.

A zuwa na uku fure ya zube ya rufe ruwan da ya kewaye fadar, baƙi suka bazu cin abinci a gindin itatuwa. Iwabuchi ya kashe mota ya ce, “Tokiko, ba nan ne garinku ba? Sai la'asar za mu tashi. Kawo tutar in riƙe, ki tsallaka ki ga tsohuwa. In manaja ya tambaya na ce cikinki ne ya ɓaci.” Kin san abin da na ce masa? Na ce, “Babu kowa a gida.” Ya ce, “Ayya, yi haƙuri, ban sani ba,” har ya cire hula. Na bar shi ya cire.

Na shiga shagon na sayi alawar don 'yan ofis, tunda ba a dawowa daga tafiya hannu na dukan cinya. Naku kuwa Nobue na roƙa, abokiyar aikina da ke hanyar kudu, ta sayo min biskit ɗin Beppu. Kwali biyu girmansu ɗaya, duk na naɗe su da takardar ruwan ƙasa a daren da na dawo. Da safe na kai ɗaya gidan waya, ɗaya ofis.

Da rana mai shayi ta buɗe na ofis ta ce, “A'a, Tokiko, arewa aka tura ki ko kudu? Ko motarku fiffike gare ta?” Kowa ya yi dariya, suka cinye. A wannan minti na san abin da ke kan hanyar Nakasato.

Ga wanda ya fi ƙaryar muni. Na sani, na yi shiru. Akwai waya a bakin ofis, na tsaya gabanta da tsabar kuɗi a hannu, na fasa. Na ce bari in jira wasiƙar zaginki, in ta zo sai in ba da haƙuri. Da ba ta zo ba na ce ƙila kin bar kaza cikin gashinta, har na fara samun barci. Ko sau ɗaya ban kawo Inna ce za ta buɗe ita kaɗai ba, ban tambayi kaina me za ta yi da kwalin da ba ya rabuwa ba. Duk kwanakin da nake jira, ita tana ci.

Na gaya wa Iwabuchi gaskiya jiya. Ya ci gaba da goge gilashin mota. Na koma wurin manaja, wannan karon ban tambaya ba, faɗa masa na yi. Ya ce zai ba wata yarinya hanyata, na ce ya ba ta. Zan taho ranar Asabar ta sama. Ba wata ɗaya ba, sai an yi miki aikin kin hau tsani da ƙafarki, ko hunturu ne ko bayansa.

Ban ce ki yafe ba. Ki ajiye min lemo da sirinji ki koya min. In ba kya son yi min magana, ki nuna min da hannu.

Ƙanwarki mai kunyar haɗa ido da ke,
Tokiko

*

Nakasato, Yuni

Tokiko,

Na amsa gaisuwar. Sauran ban amsa ba tukuna.

An sallamo Inna. Kiyoharu zai jira ki a tasha da motar tuffa, ki zo da takalmin da ba kya so, don akwai taɓo a gona. Ban karanta mata wasiƙarki duka ba, na ce dai kina tafe. Ta sa na ba ta takarda da alƙalami mai kauri, ta rubuta nata da kanta, ta liƙe, ta hana ni gani. Ga shi nan ciki.

Shizuyo

*

Tokiko,

Ina gaishe ki. Na ji sauƙi, kada ki damu. Ki yi haƙuri da rubutun, ba na ganin layi.

Na gaya wa Matsue da kowa har yanzu kina Kyushu, daga can za ki taho. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a Tokyo akwai babban kanti da ke sayar da kayan kowane gari a ƙasan bene. Ki sayo na Kyushu, mai 'ya'ya da yawa a ciki don ya isa. Ki cire jakar kantin kafin ki sauka daga jirgi.

Ƙafata ba za ta zaga ba yanzu, ke za ki ɗauki farantan, ni in riƙe hannunki zuwa gidan Matsue kawai. In ta tambaye ki yadda Kyushu take, ki ba ta labari, ai kin iya. Ni zan zauna kusa da ke in saurara.

Ki sauka lafiya.

Innarki,
Kine